Sauya Tsarin Bidiyo a Cikin Burauza: Nazarin WebAssembly da WebCodecs

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyi biyu na sauya tsarin bidiyo a cikin burauza ba tare da an ɗora fayil a sabar intanet ba. Ta nuna cewa ingancin kowace hanya ya rataya ne a kan abin da ake sauyawa: mazubi ko kodek.

1.0 Gabatarwa

Tun zuwan iOS 11 a 2017, wayoyin iPhone kan ɗauki bidiyo da kodek ɗin HEVC a cikin fayil ɗin MOV, wanda tsofaffin na'urori da dama ba sa iya buɗewa. Abin da aka saba shi ne a ɗora fayil ɗin a wani shafi, a jira, sannan a sauke. Data ta ƙone sau biyu ke nan, ga kuma bidiyon biki ko na iyali ya faɗa hannun wanda ba a sani ba.

2.0 Mazubi da Kodek

MP4, MOV, MKV da WebM mazubai ne. H.264 na 2003, VP9 na 2013 da AV1 na 2018 su ne kodek, wato dabarun matse hoto. Sauya mazubi tamkar juye fura ne daga ƙwarya zuwa kwano, furar na nan yadda take. Fayil ɗin MKV mai ɗauke da H.264 zai koma MP4 cikin ɗan lokaci, ba tare da hoton ya rage kyau ba. Sauya kodek kuwa sai an warware kowane hoto an sake matse shi, kuma nan ne gizo ke saƙa.

3.0 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce shigar da FFmpeg, manhajar sauya tsarin bidiyo da Fabrice Bellard ya fara a 2000, cikin burauza ta hanyar WebAssembly, wadda manyan burauzoji suka karɓa a 2017. Aikin ffmpeg.wasm, wanda ya bi wannan hanya, ya gaji yawancin tsare-tsaren da FFmpeg ta sani, amma da tsada. Furosesa kaɗai ke ɗaukar nauyin, don haka aikin na jan ƙafa, waya ta yi zafi, caji ya zube. Haka kuma WebAssembly mai bit 32 ba ta wuce ma'adanar gigabait 4, abin da ke takura wa manyan fayiloli. Raba aiki tsakanin sassan furosesa ma yana buƙatar SharedArrayBuffer, wanda aka rufe a 2018 saboda kafar tsaro ta Spectre, aka kuma sake buɗewa bisa sharuɗɗa.

Hanya ta biyu, WebCodecs, ta fito a Chrome 94 a 2021. Tana bai wa shafi damar amfani da kodek ɗin da ke cikin na'urar kanta, shi ya sa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ba ruwanta da mazubi, dole a haɗa ta da wata manhaja, kuma abin da wata waya ke iya matsewa wata ba ta iyawa.

4.0 Shawara

Kamata ya yi masu ƙera manhaja su fara duba kodek ɗin fayil. In sauya mazubi ya wadatar, kada a taɓa hoton. In ba haka ba, a gwada WebCodecs tukuna, a bar ffmpeg.wasm ga gajeren bidiyo da tsare-tsaren da burauza ba ta sani ba.