Alkamar Shaɗaranji: Tarihin Wata Lamba Mai Alƙaluma Ashirin

Daga cikin manyan lambobin da masana lissafi suka daɗe suna juyawa, akwai wadda asalinta hikaya ce, wato 18,446,744,073,709,551,615. Hausa tana da dubu da zambar, ta kuma aro miliyan da biliyan, amma ba ta da kalma guda da za ta ɗauki wannan adadi. Iyakar abin da za a ce shi ne ya haura biliyan goma sha takwas sau biliyan.

Hikayar ta shahara ta hannun Ibnu Khallikan, a littafinsa Wafayatul A'ayan, wanda ya fara rubutawa a Alƙahira cikin 1256. Ya ce wani mai hikima a ƙasar Hindu, Sissa ɗan Dahir, shi ya ƙago shaɗaranji, wani irin dara mai gida 64. Da sarki ya ce ya faɗi tukuicinsa, sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gida na ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, ma'aji kuwa suka dawo suka ce alkamar duniya ba za ta biya ba.

Abin sha'awa, shi kansa Ibnu Khallikan bai gaskata ba, sai da wani ma'aikacin lissafi na Iskandariyya ya warware masa. Dabarar mutumin ita ce sauya ma'auni duk sa'ad da adadi ya gagari hankali. Ƙwaya 32,768 ta gida na 16 ya ɗauke ta a matsayin mudu guda. A gida na 40 ya ce an cika rumbu, a na 50 rumbu 1,024, wato birni guda, a na 64 kuwa birane 16,384. Wannan koyarwa ce ta gwani, domin lamba tsirara ba ta tsorata kowa, amma an san girman rumbu. Tun kafin haka, wajen shekara ta 1000, Albairuni ya riga ya fitar da jimlar daidai.

Sai dai girma ba shi ne babbar siffar lambar ba. Akwai lambobin da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, kamar 7 da 13, waɗanda ana iya kira ƙi-rabo. Idan aka farfasa lambar shaɗaranji, ƙi-rabo bakwai ake samu: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417. A cikinsu ne wani tsohon kuskure yake kwance.

A 1640 Fermat, wani masanin shari'a Bafaranshe, ya lura da wani jeri. A ɗauki 2, a ninka ta da kanta a sami 4, ita ma da kanta 16, sannan 256, sannan 65,536. A ƙara wa kowace ɗaya. Abin da ya fito, wato 3, 5, 17, 257 da 65,537, duk ƙi-rabo ne, saboda haka ya yi zaton jerin zai ɗore a haka har abada. Zaton ya zauna shekara 92, kafin Euler ya nuna a 1732 cewa ta shida, 4,294,967,297, ba kome ba ce illa 641 sau 6,700,417. To, idan aka ninka lambobin Fermat shida na farko da juna, jimlar alkamar Sissa ce take fitowa, ba ragi ba ƙari. Ke nan biyar daga cikin bakwai ɗin nan su ne hujjar Fermat, biyun da suka saura kuwa su suka rushe ta. Har yau ba a sami wata ƙi-rabo a jerin ba bayan 65,537.

Lambar ta sake ɓullowa a zamanin kwamfuta, wadda ke ƙirga da sifiri da ɗaya kaɗai. Idan aka ba ta gurbi 64 aka cika kowanne da ɗaya, adadin da ya fito shi ne wannan dai, kuma shi ne mafi girma da guraben za su iya riƙewa.