Jigon Jirgi da Sana'ar Huda: Darasi daga Tafkin Tiga

Kafin 1971 babu wani babban ruwa a kudancin Kano. Kogin Kano, wanda ke gangarowa daga tsaunukan kudu ta dajin Falgore, yakan cika da damina, ya janye da rani. Mutanen Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji manoma ne da fatake. In kogi ya kawo, masu fito kan haye da su da gora. Saboda haka sassaƙar jirgi ba ta yi ƙarfi a nan ba.

A inda ta yi ƙarfi kuwa, wato bakin Kogin Kwara, tushenta huda ne. Bafaranshen nan René Caillié, wanda ya bi kogin daga Jenne zuwa Kabara, mashigin Tambutu, a 1828, ya bayyana manyan jirage na alluna da aka hudhuda aka ɗinke da igiya, aka toshe kafofin da ciyawa da laka. Duk da haka ruwa na shiga, sai an yi ta kwarfewa. Da sanda ake tuƙa su.

Jirgi mai jigo, wanda ake ɗaura wa ƙyalle iska ta tura, baƙo ne a ƙasashen nan. A 1850 ayarin su Heinrich Barth ya ɗauko irinsa daga Tarabulus, gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, aka harhaɗa shi a bakin Tafkin Chadi, inda Adolf Overweg ya zagaya da shi a 1851. Amma bai bar magaji ba. Jigo yana da ƙa'idojinsa. Kowace huda da aka yi don kafa ƙugiyar igiya tana rage masa ƙarfi. In aka jera huda da yawa a wuri guda, nan zai karye ran da iska ta taso. In kuma ba a toshe ta ba, ruwa ya shiga ya ruɓar da itacen. Wannan ilmi ba ya zama sai inda ake koyar da shi.

Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. Tafkin ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, masunta suka zo, kwale-kwale ya zama abin hawa. Abin lura a nan shi ne, shekara uku ta isa a tare kogi, amma ba ta isa a kafa sana'a ba. Sanin inda za a huda allo, da nauyin da jirgi zai iya ɗauka, aba ce da yaro ke koya a gaban gwani shekara da shekaru.

Jihar ta ga illar wannan giɓi. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ya kife a tafkin Watari da ke Bagwai, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya.

Don haka ma'aikacin da ke tsara madatsa ya kamata ya sa masassaƙi cikin lissafinsa tun farko: wa zai horar da shi, wa zai duba jirginsa kafin ya shiga ruwa? Rigakafi dai ya fi magani.