Adana bayanan motsin ababen hawa a kan tituna

Adana bayanan motsin ababen hawa a kan tituna wani fanni ne na ilimin rumbun bayanai da taswirar kwamfuta. Yana nazarin yadda ake rubuta inda mota, babur ko Adaidaita Sahu yake a kowane lokaci, da yadda za a ajiye bayanin don a nemo shi daga baya.

Yadda ake wakiltar wuri

Na'urar GPS tana bayar da lambobi biyu na wuri a doron ƙasa tare da lokaci. Sai dai mota ba ta ratsa gidaje, titi take bi. Shi ya sa ake mayar da taswirar gari ta zama mahaɗai da yankunan titi da ke tsakaninsu, kowane yanki da lambarsa. Motar da ke Ahmadu Bello Way a Nassarawa GRA, Kano, za a rubuta lambar yankin da take kai, da nisanta daga farkonsa, da lokacin. Lamba ta fi suna aminci, domin titi ɗaya kan amsa suna biyu, kamar Zoo Road da Titin Gidan Zoo. Ralf Hartmut Güting na jami'ar Hagen a Jamus da abokan aikinsa sun wallafa tsari irin wannan a shekarar 2006.

GPS na wayar hannu yakan yi kuskuren 'yan mitoci, don haka dole manhaja ta ɗora kowane ɗigo a kan titin da ya fi dacewa. Aikin yana wuya a wuri irin gadar Dangi, inda hanyoyi suka hau kan juna: ɗigo ɗaya zai iya zama na sama ko na ƙasa, sai an duba inda motar ta fito.

Ajiya

Motar da ke aika wurinta duk daƙiƙa 5 tana tara ɗigo 17,280 a kwana ɗaya. Don rage nauyi, akan ajiye jerin yankunan da ta bi da lokutan da gudunta ya sauya, a lissafo sauran.

Iyakar tsarin

Tsarin ba ya aiki inda taswira ba ta da titi. Lungunan cikin birnin Kano da yawa ba su da suna a rubuce, wasu ma mota ba ta shiga. Lokacin yaƙi da shan inna, masu rigakafi a Kano sun riƙa yawo da wayoyi masu GPS, kuma an ɗora sawunsu ne a kan taswirar unguwanni da ƙauyuka da aka zana daga hotunan tauraron ɗan'adam, don a ga inda ba su kai ba.