Wiskin Irlanda: Taurin Kan da Ya Zama Jari

A ƙarni na 19, Dublin na cikin manyan cibiyoyin wiski na duniya, inda ake dafa shi sannu a hankali cikin tukwanen jan ƙarfe. A 1830 wani ɗan ƙasar, Aeneas Coffey, ya fito da na'ura mai tace barasa ba tsayawa, kuma da araha. Manyan gidajen Dublin suka ƙi ta, wai tana kashe ɗanɗano. Ƴan Sikotlan suka rungume ta, suka ƙwace kasuwa. Haramta barasa a Amurka daga 1920 zuwa 1933, da rikicin kasuwanci da Birtaniya daga 1932, suka ƙarasa durƙusar da sana'ar. A ƙarshen shekarun 1970 matatu biyu kaɗai suka rage: Midleton da Bushmills.

Bushmills ta riƙe wiskin tsiron sha'ir zalla, mai tacewa uku, wanda doka ta wajabta ya kwana aƙalla shekara 3 a gangar itace. Nan ne tushen laushi da ƙamshin zuma da masana ɗanɗano ke nema. Matatar Cooley ta buɗe a 1987, yau matatu sun haura 30, kuma tukunyar da ta jawo asara ita ce abin alfaharinsu.