Zauren Kakannin Zuriyar Ding a Chendai: Nasaba da Addini a Tarihin Musulmin Kudancin Sin

A garin Chendai da ke gundumar Jinjiang ta lardin Fujian, kusa da birnin Quanzhou, akwai wani tsohon gini na jan bulo da ake kira zauren kakannin zuriyar Ding. Wanda ya ziyarce shi zai fara ganin abin da aka saba gani a irin waɗannan zauruka na kudancin Sin: babbar ƙofa, da farfajiya, da ɗakin tsakiya inda aka jera allunan katako masu ɗauke da sunayen magabata, da kaskon ƙona turare a gabansu. Sai ya ƙara lura ne zai ga ado na rubutun Larabci a sassaƙe a jikin ginin, ya kuma gane cewa ɗakin tsakiyan yana tsaye ne a cikin zagayen gine-gine, murabba'i cikin murabba'i, daidai da siffar harafin Sinanci da ake rubuta kalmar Hui da shi, wato sunan da ake kiran Musulmin ƙasar. Mutanen da suka gina wannan zaure jikokin Musulmi ne.

Quanzhou shi ne birnin da Larabawa suka sani da Zaitun. Masallacinsa na Ashab an kafa shi a shekara ta 400 bayan Hijira, wato 1009 Miladiyya, aka sabunta shi a 1310 ta hannun wani mutumin Shiraz. Ibn Batuta ya sauka a birnin a tsakiyar ƙarni na 14, ya lissafa tashar jiragen ruwansa cikin mafiya girma a duniya, ya kuma tarar da Musulmi da alƙalinsu da malamansu. Littafin nasabar gidan Ding ya nuna cewa kakansu na farko ɗan kasuwa ne da ya zauna a wannan birni a ƙarni na 13. Daga baya wasu cikinsu suka danganta kansu da Sayyid Ajall Shamsuddin, gwamnan Yunnan a zamanin Mongol, amma masu bincike ba su haɗu a kan ingancin wannan dangantakar ba.

Abin da ya sauya komai shi ne tawayen da wata runduna ta Musulmi, mafi yawansu Farisawa, ta yi a Fujian daga 1357 zuwa 1366. Da aka murƙushe shi, fansa ta faɗa kan baƙi baki ɗaya, mai laifi da marar laifi. A daidai wannan lokaci iyalin Ding suka bar birni suka koma Chendai, bakin teku, suka kama noma. Daular Ming da ta hau mulki a 1368 ta hana sutura da sunaye irin na baƙi, ta kuma takura fataucin teku. Jiragen da suke kawo malamai da littattafai da sababbin baƙi daga Basra da Hurmuz suka ɗauke ƙafa.

Daga nan ne aikin zauren kakanni ya fara bayyana. A al'adar Sin wannan zaure ba wurin tunawa da matattu kaɗai ba ne. Yana da gonaki na haɗin gwiwa waɗanda amfaninsu ke ɗaukar nauyin bukukuwa da karatun yara da taimakon gajiyayyu, abin da ya yi kama da waƙafi ta fuskar tsari. A cikinsa ake sasanta rikici, a cikinsa ake ajiye littafin nasaba. Iyalin da ba su da irinsa ba su da murya a gaban hukuma ko maƙwabta. Saboda haka duk ayyukan da masallaci yake yi wa al'ummar Musulmi, na taro da ilimi da hukunci, sai suka koma hannun zauren ɗaya bayan ɗaya. Yaron da dangi suka ɗauki nauyin karatunsa, littattafan Konfushiyas zai haddace domin jarrabawar shiga aikin gwamnati, kuma tun farkon ƙarni na 16 'ya'yan gidan Ding suka fara cin wannan jarrabawa suna samun muƙamai.

Shaida mafi daraja a kan wannan sauyi ta fito ne daga cikin gidan. Ding Yanxia, wanda ya rayu a ƙarni na 16, ya rubuta taƙaitaccen bayani a kan addinin kakanninsa kamar yadda ya riske shi yana yaro: gaggauta binne mamaci, fuskantar yamma wajen ibada, azumin wata guda da ba a ci sai rana ta faɗi, yawan wanka, cin yankan hannunsu, da ƙaurace wa naman alade. Ya kuma ambaci yadda waɗannan abubuwa suka yi ta raguwa a tsawon rayuwarsa. Abin lura a bayanin nasa shi ne yana siffanta ayyuka ne daga waje, kamar al'adun gida, ba tare da ilimin da ke ƙarƙashinsu ba. Salla da azumi sun daɗe bayan malaman da ke iya bayyana ma'anarsu sun ƙare, amma ba su wuce wasu 'yan tsararraki ba.

Ƙona turare da miƙa abinci ga matattu ba ya haɗuwa da tauhidi, kuma wannan ba wurin saɓani ba ne tsakanin malamai. Sai dai adalcin tarihi ya wajabta a faɗi ɗaya ɓangaren: wannan zaure da littafin nasabarsa su ne suka hana asalin gidan ɓacewa. Ko bayan mafi yawansu sun daina kiyaye haramcin alade a teburinsu, ba sa sanya shi cikin abincin da suke ajiyewa a gaban allunan kakanni, domin sun san kakannin ba sa ci.

Da wannan littafin nasaba suka kafa hujja har gwamnati ta amince da su a matsayin 'yan ƙabilar Hui a 1979, amincewar da ta dogara ga jini, ba ga aƙida ba. Bayan haka an gina masallaci a Chendai, an kuma tura wasu matasa koyon Larabci da ilimin addini, ko da yake masu salla a cikin zuriyar har yanzu tsiraru ne. Garin ya fi shahara a yau da masana'antun takalma, ciki har da kamfanin Anta wanda 'yan gidan Ding suka kafa. Zauren kuwa an shigar da shi cikin kayan tarihin da ƙasa ke karewa a 2006, kuma wani sashe nasa ya zama ɗakin baje kolin tarihin Hui na yankin.