Gadar Lugga da Hotunan Bakin Kogin Kaduna

Mutumin Kasuwan Magani da ya tasam ma Kaduna, in ya wuce Kujama ya shiga Sabon Tasha, dole ya haye kogi kafin ya kai tsakiyar gari. A bakin kogin nan akwai lambun Ƙofar Gamji, wanda aka raɗa wa sunan Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. Cikin lambun kuma akwai wata 'yar gadar ƙarfe da tsawonta bai kai mita 15 ba, wadda ta daɗe tana fitowa a hotunan mutanen Kaduna.

Asalinta ba 'yar Kaduna ba ce. A 1904 Gwamna Lugga ya sa aka kafa ta a Zungeru, hedikwatar Arewa ta wancan zamani. Da gwamnati ta tattara ya-nata-ya-nata ta koma Kaduna wajen 1917, sai Zungeru ta fara dusashewa. Daga baya aka kwance gadar, aka kawo ta Kaduna, aka sake harhaɗa ta a 1954, sannan a 1956 aka sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa. Kogin Kadunan nan da ya taso daga tsaunukan Jos, shi ne ke wucewa ta Zungeru kafin ya faɗa Kogin Kwara.

Wannan shi ne abin da ke rubuce. Sauran labarin yana hannun masu hoton kuɗi, waɗanda a da suke rataye kyamara a wuya suna zagaya lambun ranar Sallah ko Kirsimeti. A tsaya a kan gada, a dafa ƙarfe, a ɗauka, a biya rabin kuɗi, a dawo karɓa bayan an wanke. Ango da amarya, 'yan makaranta da malaminsu, sojan da ya zo hutu, ɗan ƙauyen da yake son shaidar cewa ya ga birni. Ba wanda ya yi niyyar ajiye tarihi, amma a bayan kowane mutum ana ganin ɗinkin da ake yayi, da inda ruwa ya kai a daminar, da bishiyoyin da yau babu su.

Akwai kuma abin da ya fi taɓa ni. Tun rikicin addini na 2000 kogin ya zama kamar iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewacinsa, Kirista a kudu. Kasuwan Magani ma ta ɗanɗana irin wannan masifa a watan Oktoba na 2018. Tsofaffin hotunan suna nuna maƙwabta da abokan aiki na addinai biyu kafaɗa da kafaɗa a kan gada ɗaya, kuma yaran da aka haifa bayan rabuwar suna da haƙƙin su gan su da idonsu.

Hotunan suna nan cikin adakoki da ƙarƙashin katifu, danshi da gara na cin su, wayar salula kuma ta rage wa masu ɗaukarsu kasuwa. Gidan Arewa, cibiyar adana tarihin da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, ba shi da nisa da lambun. Ya kamata ya yi shela iyalai su kawo nasu, a kwafa, a rubuta shekara da wurin ɗauka, a mayar wa kowa da abinsa.