Yadda Zanen Taswirar Ƙwaƙwalwa Ya Koma Aikin Gayya

A shekarar 1986 wasu masana a birnin Kambrij na ƙasar Ingila, ƙarƙashin jagorancin Sydney Brenner, suka fitar da taswirar jijiyoyin wata 'yar tsutsa da ake kira C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Ƙwayoyin jijiya 302 kacal ke jikinta, amma aikin ya ci fiye da shekara goma. Sai an yayyanka tsutsar siriri-siriri, a ɗauki hoton kowane yanki da na'urar ƙara girma ta lantarki, a wanke hotunan a takarda, sannan John White da Eileen Southgate su bi kowace jijiya da alƙalamin launi, hoto bayan hoto. Mai son duba aikin kuwa, dole ya taka har inda hotunan suke.

Da kwamfuta ta shigo, hotuna suka yi yawan da na'urar mutum ɗaya ba za ta iya ɗauka ba. A 2009 Stephan Saalfeld da Albert Cardona da abokan aikinsu suka fito da manhajar CATMAID, wadda suka gina bisa salon Google Maps: hotunan suna ajiye wuri ɗaya, mai bincike daga ko'ina ya buɗe shafin intanet, ya matso da wurin da yake so, ya yi alama, abokin aikinsa a wata nahiya ya ga alamar. Da ita aka bi jijiyoyin tsutsar ƙudan 'ya'yan itace har aka kammala taswirar ƙwaƙwalwarta a 2023, mai ƙwayoyin jijiya 3,016.

Sebastian Seung ya ƙara faɗaɗa gayyar. A 2012, yana jami'ar MIT a Amurka, ya buɗe wasan EyeWire, inda kowa, ko bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba, ake ba shi ɗan yanki na hoton tantanin idon ɓera ya cika launi a reshen jijiya, ya ci maki. Kwamfuta ce ke fara zanen, mutane su gyara inda ta ɓace hanya. A 2014 mujallar Nature ta buga binciken yadda ido ke gane inda abu ya nufa, aka sanya 'yan wasan cikin marubutansa.

Babban aikin ya zo ne da shirin FlyWire na jami'ar Princeton, wanda Seung da Mala Murthy suka jagoranta. An yanka ƙwaƙwalwar macen ƙudan 'ya'yan itace zuwa yanki fiye da 7,000, aka ɗauki hotuna kusan miliyan 21. Ɗaruruwan masana daga ƙasashe daban-daban, tare da 'yan sa-kai, wasunsu tsofaffin 'yan EyeWire, suka duƙufa kan gyaran zanen kwamfuta, aikin da zai ɗauki mutum ɗaya kimanin shekara 33.

A watan Oktoban 2024 aka fitar da sakamakon: ƙwayoyin jijiya 139,255 da mahaɗa fiye da miliyan 50. Taswirar tana buɗe kyauta a shafin Codex, kuma tuni masana suka yi amfani da ita wajen gina kwaikwayon ƙwaƙwalwar a kwamfuta, wanda ya iya hasashen jijiyoyin da ke motsawa idan ƙuda ya ɗanɗani sukari.